Kalmar «Intagiriti» da Ma'anarta a Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa Musulmi, akwai wata kalma ta Ingilishi da ke yawan fitowa daga bakin 'yan boko idan ana zancen cin hanci, ita ce «intagiriti», masu Faransanci kuwa su ce «antegirite». Asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta abin da yake cikakke, ba a gutsure shi ba. Shi ya sa ake faɗinta ga ginin da bai tsage ba, da ƙasar da ba a raba ta ba. Idan aka siffanta mutum da ita kuwa, ana nufin wanda kuɗi ba ya sayensa, ɓoyensa da bayyanensa ɗaya ne. Ba a ba mutum wannan suna don kyakkyawan aiki na yini guda, sai ya zame masa hali. Da wannan ma'ana ce maƙwabtanmu suka sa wa ƙasarsu suna Burkina Faso a 1984, wato ƙasar mutane masu riƙon gaskiya.

Kalmar baƙuwa ce, amma abin da take nufi Musulunci ya riga ya zo da shi, shi ne amana da kamewa. Gaskiya ta fi shafar harshe, amana kuwa ta haɗa harshe da hannu da zuciya.

Ku lura da Suratul Baƙara. Ayoyin azumi sun ƙare a aya ta 187, sai aya ta 188 ta biyo da hani ga cin dukiyar mutane da ɓarna da kai ta ga mahukunta. Wanda ya bar ruwan randarsa, halal ɗinsa, don tsoron Allah, yaya zai miƙa hannu ga haƙƙin wani?

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi, ya ce kyauta ce aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa, da an ga ko kyautar za ta iske shi. Saboda haka abin da ma'aikaci ya karɓa albarkacin kujerarsa haramun ne, ko an kira shi goro, ko kuɗin shayi.

Kada talaka ya zaci manya kaɗai ake nufi. Mai tauye tiyar hatsi, da mai zuba ruwa a nono, da wakilin da aka ba rabon sadakar azumi ya fifita danginsa, duk amanarsu ta tsage.

Allah Ya tsarkake hannuwanmu daga haram, Ya karɓi azuminmu. Wallahu a'alam.