Ƙara wa tocila haske

Ƙara wa tocila haske gyara ne da ake yi wa tocila mai araha domin ta fi yadda aka saye ta haskawa, ko kuma ta daɗe tana ci kafin ta nemi caji. Akan yi shi ta hanyar sauya ƙwan tocila, sauya batir, rage abin da ke tauye wutar da ke isa ga ƙwan, ko gyara kwanon da ke tattara haske. A unguwannin birnin Kaduna da ke kudu da Kogin Kaduna, kamar Kakuri, Makera, Barnawa, Television, Narayi, Nasarawa da Sabon Tasha, yawanci masu gyaran rediyo da wayar hannu ne ke yin wannan aiki, wani lokaci kuma mai tocilar da kansa. Gyaran yana da amfani a inda wutar lantarki ba ta tsayawa, amma duk ƙarin haske yana zuwa da ƙarin zafi da saurin ƙarewar batir, kuma idan aka yi shi babu lissafi yakan ƙone ƙwan ko ya jawo gobara.

Suna

Kalmar tocila aro ce daga kalmar Ingilishi torchlight. Ana kuma jin cocila da tocilan a bakin masu magana daban-daban. Ita kuwa fitila ta shigo Hausa tun da daɗewa daga Larabci, inda asalinta ke nufin lagwani. A maganar yau da kullum tocila ita ce wadda ake riƙewa a hannu a haska wuri guda, fitila kuma wadda ake ajiyewa ta haska ɗaki, ko da yake da yawa daga cikin masu caji na yanzu suna yin aikin biyu.

Fitilar gida da ake haɗawa da tsohon faifan CD ta yi suna a arewacin Najeriya da laƙabin "Obasanjo ya kasa". Sunan jimla ce cikakkiya da aka mayar suna, salon da Hausa ta saba da shi a kalmomi irin su faɗi-ka-mutu, ka-fi-zabo da a-ci-bal-bal. A ƙasar Yarbawa ana kiran irin wannan fitila Ojutinepa, wato NEPA ta ji kunya.

Tarihi

An yi wa tocilar hannu rajistar ƙirƙira a Amurka a 1899 da sunan David Misell, kamfanin Conrad Hubert, wanda daga baya ya zama Eveready, shi ya fara sayar da ita. Kusan shekaru ɗari tocila tana amfani da ƙaramin ƙwai mai siririyar waya a ciki, wadda ke yin zafi har ta yi haske. Mafi yawan ƙarfin batir a irin wannan ƙwai zafi yake zama.

Nick Holonyak ya ƙera ƙwan LED mai jan haske a 1962. A farkon shekarun 1990 Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da mai shuɗin haske a Japan, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Daga shuɗin ne aka samo farin LED, wanda kamfanin Nichia ya fito da shi kasuwa a 1996. Da masana'antun Sin suka shiga yin sa da yawa, farashinsa ya faɗi, ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma a shekarun 2000.

Kudancin Kaduna yankin masana'antu ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, United Nigerian Textiles da masana'antar kayan tsaro ta DICON suka biyo baya a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Unguwannin ma'aikata sun taso a kewayen waɗannan masana'antu. Kaduna Textiles ta daina aiki a 2002, wasu masaƙun suka bi ta, dubban mutane suka koma ƙananan sana'o'i, ciki har da waɗanda ake yi da dare.

A ɓangaren wuta, hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa daga 2013. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Ɗaukewar wuta ta ci gaba da zama abin yau da kullum a ƙasar. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe kwanaki a duhu, bayan an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya samu matsala. A irin wannan hali mai shayi, mai tsire, mai tireda, maigadi, 'yan sintirin unguwa da ɗalibin da ke shirin jarrabawa duk sun dogara ne da tocila.

Fitilar faifan CD

Wannan ita ce sananniyar fitilar LED da aka haɗa a gida a Najeriya, ta kuma yaɗu a ƙarshen mulkin Olusegun Obasanjo, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1999 zuwa 2007. Ana huda tsohon faifai, a jera ƙananan ƙwayayen LED a ramukan, a haɗa ƙafafunsu da waya ta baya, a kafa faifan a kan akwatin katako mai ɗauke da manyan batura, yawanci uku. Gefen faifan mai sheƙi yana mayar da haske gaba.

Sau da yawa ba a sa mata komai da zai rage ƙarfin wuta, amma ba ta cika ƙonewa nan take ba. Dalili shi ne busasshen batir mai araha ba ya iya tura wuta da yawa lokaci guda, shi da kansa yake tauye ta. Idan aka ɗora irin waɗannan ƙwayaye kai tsaye a kan batir mai ƙarfi kamar na litiyam, wutar da za ta bi ta cikinsu za ta wuce ƙima. Yawancin kurakuran gyaran tocila daga rashin sanin wannan bambanci suke tasowa.

Yadda tocila ke aiki

Tocila tana da sassa biyar: batir, makunni, abin da ke daidaita wuta, ƙwai, da kwano mai sheƙi tare da gilashinsa. Ana auna turin batir da bolt, yawan wutar da ke gudana da amfiya ko miliamfiya, yawan hasken da ke fita kuma da lumen.

Busasshen batir ɗaya yana ba da bolt 1.5. Farin LED yana buƙatar kimanin bolt 3 zuwa 3.4, shi ya sa tocila da yawa ke cin batir uku. LED ba kamar tsohon ƙwai ba ne: ƙarin turi kaɗan yana sa ya ja wuta mai yawa ƙwarai. Saboda haka ake sa masa rizisto, wani ɗan abu mai zanen launuka da ke taƙaita wutar, ko ƙaramin allo da ke yin wannan aiki. Ƙaramin LED mai faɗin milimita 5 an yi shi ne don kimanin miliamfiya 20, babba mai wat ɗaya kuma kimanin miliamfiya 350.

Hanyoyin gyara

Tsaftacewa. Tocila da yawa suna dusashewa ne saboda tsatsa a kan sifirin da bakin makunni, ko datti a gilashi. Goge su da sanfefa mai laushi da tsumma yakan dawo da hasken da aka rasa ba tare da an sauya komai ba. A Kaduna danshin damina da ƙurar hunturu duk suna taimaka wa wannan matsala.

Sauya ƙwai. Tsohon ƙwai mai waya yana ba da kimanin lumen 10 a kan kowane wat, farin LED mai kyau kuma yana iya haura lumen 100. Wannan shi ne gyaran da ya fi riba, domin haske na ƙaruwa batir kuma na daɗewa. LED yana da gefen ƙari da gefen ragi, idan aka juya shi ba ya kamawa.

Sauya batir. Yawancin tocila masu caji masu araha suna ɗauke da ƙaramin batir na dalma da asid mai bolt 4. Yana saurin mutuwa idan aka bar shi babu caji na dogon lokaci, ko aka bar shi a soket bayan ya cika. Masu gyara sukan maye gurbinsa da batirin litiyam samfurin 18650, wanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Sunan yana nuna girmansa: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika. Dole ne a cire tsohuwar hanyar caji gaba ɗaya, a sa ƙaramin allon caji na litiyam, kamar TP4056 mai kariya, wanda ke karɓar wuta daga cajar waya, ya tsaya idan batir ya cika, ya kuma yanke idan ya yi ƙasa sosai.

Sauya rizisto. Rage girman rizisto yana ƙara wutar da ke isa ga ƙwai. Ana lissafin da dokar Ohm: a cire bolt ɗin ƙwai daga na batir, a raba da amfiyar da ake so. Misali, batir mai bolt 4.2 da LED mai bolt 3.2 sun bar bolt 1. Idan aka raba shi da amfiya 0.35 za a samu kusan om 2.9, sai a ɗauki rizisto mai om 3.3 da ake samu a kasuwa. Cire rizisto baki ɗaya a haɗa da waya dabara ce da ta yaɗu, tocila takan yi haske sosai na ɗan lokaci, daga nan ƙwan ya yi shuɗi-shuɗi, ya dusashe, ya mutu.

Fitar da zafi. LED mai ƙarfi yana zafi ta bayansa, zafin kuma yana rage haskensa da kwanakinsa. Akan manna shi a kan guntun alminiyam domin ya kwashe zafin. Tocilar roba ba ta iya fitar da zafi kamar ta ƙarfe, don haka akwai iyakar da ba za a wuce da ita ba.

Gyara kwano. Kwano ba ya ƙara yawan haske, alkiblarsa kawai yake sauyawa. Mai zurfi da santsi yana jefa haske nesa, abin da maigadi ke so. Mai faɗi yana baza shi, wanda ya fi dacewa da teburin mai shayi ko mai karatu. Idan ƙwai bai zauna daidai tsakiyar kwano ba, baƙin tabo yakan fito a tsakiyar hasken.

Iyakar gyaran

Batir mai miliamfiya-awa 2,000 zai riƙe ƙwai mai jan miliamfiya 350 sama da awa biyar, amma idan aka kai shi 1,000 bai fi awa biyu ba. Ninka wuta ba ya ninka haske, domin ingancin LED yana raguwa yayin da ake ƙara masa wuta. Idon mutum ma ba ya ganin ninkin lumen a matsayin ninkin haske, sai an ninka kusan sau huɗu kafin a ga kamar ya ninka sau biyu. Ga mai sana'ar da zai kai tsakar dare a bakin titi, tocilar da ke da matsakaicin haske na awa biyar ta fi mai kashe ido ta awa ɗaya amfani.

Alƙaluman da ake bugawa a kwalin tocila masu araha sau da yawa an kambama su. Ƙwan Cree XM-L, wanda ya fito a 2010, yana ba da kusan lumen 1,000 a wat 10, amma ana ganin tocila masu ƙwai guda ƙarami da ke da'awar dubban lumen da yawa. Haka batura 18650 da aka rubuta wa miliamfiya-awa 9,900 jabu ne, domin na gaskiya ba sa kaiwa rabin haka. A 2009 aka fito da ƙa'idar ANSI FL1 a Amurka don daidaita yadda ake auna hasken tocila, amma bin ta ba tilas ba ne.

Haɗari

Tocilar da ake cusawa kai tsaye a soket yawanci tana rage wutar gida ta bolt 230 da kafasito ne kawai, babu abin da ya raba cikinta da babbar wuta. Taɓa wayoyinta yayin da take caji na iya kashe mutum, kafasiton kuma na iya riƙe wuta bayan an zare ta. Kunna ta tana kan caji yakan ƙone ƙwayayen, musamman idan batirin ya mutu.

Batirin litiyam yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi, aka haɗa bakinsa biyu, aka yi masa cajin da ya wuce ƙima, ko aka daɗe da ɗora masa ƙarfen narka dalma. Wanda ya kumbura, ya lotsa, ko rigarsa ta yage bai kamata a yi amfani da shi ba. Bai dace a bar tocilar da aka gyara tana caji a kan katifa ko a ɗakin da mutane ke barci ba.

Dalma guba ce, kuma ta fi illa ga ƙananan yara, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Tsohon batirin tocila yana ɗauke da dalma da asid, don haka ba a fasa shi a gida, ba a ƙona shi, ba a barin yara su yi wasa da shi. Ana so mai gyara ya yi liƙi a wuri mai iska, ya wanke hannu kafin cin abinci. LED mai ƙarfi kuma bai kamata a haska shi a idon mutum daga kusa ba.

Duba kuma

Kaduna ta Kudu
Kakuri
Kogin Kaduna
Batir
Wutar lantarki a Najeriya
Fitilar hasken rana