Daren Halowin a Gidan Bahaushe a Longsight

Longsight unguwa ce a birnin Manchester na ƙasar Ingila, kudu maso gabas da tsakiyar gari. Babban titin da ake kira Stockport Road ya ratsa ta, kasuwarta kuma tana bakin Dickenson Road. Yawancin gidajenta na jan bulo ne, a jere suke manne da juna, bango ɗaya ne ya raba mutum da maƙwabcinsa. Mutanen da asalinsu Pakistan da Bangaladash suna da yawa a cikinta, akwai kuma Turawa da 'yan Afirka. Da yake ba ta da nisa da Jami'ar Manchester da manyan asibitocin Oxford Road, akan sami Hausawa waɗanda karatu ko aiki ya kawo suna haya a wurin da iyalinsu.

Kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, sai kantuna su cika da kabewa da rigunan dodanni da ƙwarangwal na roba. Yaro yakan dawo daga makaranta ya ce, "Umma, mu ma za mu yi shigar dodo?" Amsar wannan tambaya ba ɗaya ba ce a kowane gida. Wasu iyaye sukan hana ɗungurungum. Wasu sukan bar yara su bi 'yan'uwansu gida-gida. Wasu kuwa sukan zaɓi su tara yaran a cikin gidansu, inda idonsu yake kan kome. Wannan zaɓi na uku yana da wuyar da ba a gani sai an shiga, domin abin da yake wasa a wurin wata al'umma yana iya zama abin tsoro na gaske a wurin wata.

Asalin bikin

Ana yin Halowin a daren 31 ga Oktoba. Sunan yana nufin jajiberen ranar tsarkaka, wato 1 ga Nuwamba, ranar da cocin Yammacin Turai ya keɓe tun wajen ƙarni na 8 zuwa na 9 don tunawa da waliyyansa. Masana tarihi da dama suna danganta wasu al'adun daren da Samhain, wani tsohon biki na mutanen Ailan da Sikotlan wanda ake yi idan an gama girbi, sanyi ya gabato. A waɗannan ƙasashe yara sukan ɓad da kama, su bi gidaje suna waƙa ko barkwanci, a ba su 'ya'yan itace ko kuɗi. Sukan kuma rarake wata irin saiwa mai tauri, su yanka mata ido da baki, su sa wuta a ciki.

Bayan yunwar da aka yi a Ailan daga 1845 zuwa 1852, mutane masu ɗimbin yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka da al'adunsu. A can aka sauya saiwar da kabewa, saboda ta fi girma, ta kuma fi sauƙin rarakewa. A can ne kuma aka saba da kalmomin da yara ke faɗa a bakin ƙofa, waɗanda ma'anarsu ita ce "ko a ba mu alewa, ko mu yi ɓarna". Daga baya fina-finai da kantuna suka dawo da bikin Ingila cikin sabuwar kama.

Ɗan'uwansa a ƙasar Hausa

Ɓad da kama da bin gidaje da dare ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Idan watan azumi ya kwana goma, sai a fara tashe. Bayan an sha ruwa, yara da samari sukan fito ƙungiya-ƙungiya. Wani ya manna gemun auduga ya ranƙwafa da sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya layu da saiwoyi, ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata suna da nasu wasannin, kamar Samodara da Mairama. A Kano akwai Nalako, sarkin gwauraye, wanda yake jagorantar tashen da ake yi wa mazan da ba su da aure. Masu gida sukan ba 'yan tashe hatsi ko kuɗi. A shekarar 2004 daren Halowin ya faɗo a tsakiyar watan azumi, don haka a dare ɗaya yaran Kano da na Manchester suka yi ta yawo ƙofa-ƙofa cikin baƙuwar shiga.

Sai dai akwai bambanci babba. Tashe da rayayyu yake wasa: yana zolayar rowa da lalaci da son banza, a yi dariya, a kuma ɗauki darasi. Halowin kuwa da mutuwa yake wasa, da kabari da fatalwa da mayu. A nan ne mai masaukin baƙi yake bukatar lura.

Shigar da ta dace

Ga Bature na yau, mayya tsohuwa ce ta cikin littafin yara, mai doguwar hula da tsintsiya. Ga Bahaushe kuwa maita zargi ne mai nauyi. An yi imani maye yana kama kurwar mutum, kuma kiran wani da wannan suna yana iya raba zumunci, ya hana aure, har ya kai ga gaban alƙali. Saboda haka uwa Bahaushiya ba za ta ji daɗi a ce wa 'yarta "ga 'yar mayya" ba, ko da cikin raha ne. Haka nan farin zanen gado da yara ke lulluɓa da shi don su zama fatalwa, ga wanda ya taɓa halartar jana'iza kama yake da likkafani. Aljanu ma ba abin wasa ba ne ga Musulmi, tunda akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu.

Wannan ne ya sa malamai da yawa na Musulunci suke hana shiga bikin, wasu coci-coci a Birtaniya kuma sukan shirya wa yara "bikin haske" a madadinsa. Mai gayyata ya kamata ya san haka tun kafin ya aika da goron gayyata. Zai bayyana wa iyaye abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, kuma idan wani ya ba da uzuri, a karɓa ba tare da gardama ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda ya ƙudura yin taron yana da taska a hannunsa, wato tatsuniya. A cikinta akwai Gizo mai wayo da matarsa Ƙoƙi, da Kura mai kwaɗayi, da Ɓotorami, da Dodo wanda yake haɗiye mutane amma a ƙarshe ƙaramin yaro yakan ci galabarsa. Waɗannan suna ba da tsoro daidai gwargwado, ba su kuma taɓa addinin kowa. Da kwali da almakashi da tsohon zane ana iya haɗa kunnuwan Kura ko ƙafafun Gizo. Abokan yara waɗanda ba Hausawa ba su zo da tasu shigar, kamar jemage ko mujiya ko kyanwa.

Lokaci da shirin gida

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya. Saboda haka a daren Halowin rana takan faɗi a Manchester kafin ƙarfe biyar na yamma. A al'adar Hausa ba a son yara a waje da almuru, don haka ya fi kyau a sa lokacin taro bayan sallar magariba, a tashi wajen ƙarfe takwas. Tunda bango ɗaya ne tsakani, ladabi ne a sanar da maƙwabta tun da wuri, musamman tsofaffi da masu jarirai.

Akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: gidan da ya ajiye kabewa mai haske a bakin ƙofa, ya yarda yara su ƙwanƙwasa. Wanda bai ajiye ba, a wuce shi. Mai taro ya yanke shawara ko yana son baƙin titi, idan yana so kuwa ya tanadi alewarsu daban.

Babban haɗarin daren shi ne wuta. Yawancin rigunan kanti na roba ne, suna kamawa nan da nan, su narke a jikin fata. A shekarar 2014 rigar 'yar Claudia Winkleman, shahararriyar mai gabatar da shirye-shirye a talabijin na BBC, ta taɓa kyandir ta kama da wuta, yarinyar ta ƙone ƙwarai. Tun daga nan hukumomin kashe gobara suke ƙara jan kunnen iyaye. Maganin abin mai sauƙi ne: a yi amfani da kyandir mai batir, a gwada na'urar jin hayaƙi, a kau da takalma daga matattakala da hanyar fita. A koya wa yara cewa idan riga ta kama, kada su gudu, su kwanta ƙasa su yi ta birgima. Lambar neman agaji ita ce 999. Rigakafi ya fi magani.

Abinci

Abubuwa biyu ne abin lura. Na farko, alewa mai danƙo sau da yawa da jelatin ake yin ta, shi kuwa jelatin akan samo shi daga fatar alade ko ƙashinsa. Sai a karanta abin da aka rubuta a jikin leda, ko a sayi mai alamar halal, wadda ba ta da wuyar samu a kantunan Stockport Road, kamar yadda take a unguwannin Small Heath da Sparkbrook na Birmingham. Na biyu, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ƙwaya ɗaya tana iya toshe musu numfashi. Abincin Hausa kuwa cike yake da ita: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, ga kunun gyaɗa, ga man gyaɗa a suya. Wajibi ne a tambayi kowace uwa tun kafin ranar.

Ƙosai da masa da cincin sun wadatar, a haɗa da zoɓo, wanda jan launinsa ya dace da daren. Kabewar da aka rarake kuma kada a zubar da cikinta. Ita ce dai kabewar da ake miyar taushe da ita, Bahaushe kuwa yana ƙyamar almubazzaranci.

Tsoro mai ƙofar fita

Wasan da aka fi sani a wannan dare shi ne a zuba tuffa a cikin baho mai ruwa, yara su yi ta ƙoƙarin cafke ta da haƙora, hannuwansu a baya. Bayan an ci an sha, sai a rage fitila, a zauna a kan darduma, babba ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan Dodo yana iya yin gurnani yadda ya ga dama, domin kowa ya san za a kai inda mai ba da labari zai ce "ƙurunƙus", a kunna fitila.

Waɗannan kalmomi na buɗewa da rufewa su ne iyakar da ta raba tsoron wasa da na gaske. Aikin mai masauki a wannan dare shi ne tsaron wannan iyaka. Idan ƙaramin yaro ya fara kuka, a cire abin rufe fuska ya ga yayansa ne. Idan baƙo bai so a kashe fitila ba, a bar masa ita. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma taron da ya yi kyau shi ne wanda kowane yaro ya koma gida ya yi barci lafiya, iyayensa kuma suka gaisa da mai gida da safe ba tare da wani ƙorafi ba.