Rayuwa a Neja Delta: Me ya sa komai ke da wuya da tsada a ƙasar da ruwa ya mamaye?

Baƙon da ya sauka Yenagoa, babban birnin Jihar Bayelsa, daga Sakkwato ko Maiduguri yakan yi mamakin abu guda tun ranar farko. Ma'aunin zafi ba ya wuce 32 ko 33 a yawancin ranaku, ƙasa da abin da ya saba gani a bazara, amma jikinsa na gaya masa cewa bai taɓa jin zafi irin wannan ba.

Dalilin shi ne danshin da ke cikin iska. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na fitowa take shanye shi, jiki ya samu sanyi. A Neja Delta kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, don haka zufa ke zama a jiki, ko a inuwa, ko da dare. Wanki yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba, takalmin da aka ajiye ya yi fumfuna, gishiri ya jiƙe a gwangwani, kwanon rufi kuma tsatsa ta cinye shi da wuri, musamman kusa da teku. 'Yan kasuwar da ke kai albasa da tattasai daga Arewa sun san cewa kayan da za su daɗe a rumbu a gida, a nan cikin kwanaki suke ruɓewa.

A garuruwan bakin teku kamar Brass da Bonny, ruwan saman shekara yakan kusanci milimita 4,000, wato kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta ɗara teku tsayi sosai ba, saboda haka ruwan ba ya samun gangaren da zai bi. Inda ya kwanta, sauro ya samu gida. Zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta da damina a Arewa, a nan ba shi da lokaci.

Duk da wannan yalwa, ruwan sha na daga cikin abubuwan da suka fi wuya. A sassa da dama na Bayelsa, ruwan rijiyar burtsatse yakan fito garau, bayan ɗan lokaci ya koma ja saboda sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa, ya ɓata tufafi da tukwane in ba a tace shi ba. Kusa da teku gishiri ke shiga rijiyoyi. Ga kuma malalar ɗanyen mai, a yankin da aka fara gano man fetur na kasuwanci a Oloibiri a shekarar 1956. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya gano rijiyoyin da sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900.

Gini ma yana da nasa sharaɗi. Wanda ya sayi fili sau da yawa fadama ya saya, sai ya sake sayen yashin da ake haƙowa daga gindin kogi ya cike ta kafin ya sa harsashi. Manyan gine-gine sai an kafa musu ginshiƙan kankare can cikin ƙasa, in ba haka ba su nutse ko su tsage. Hanyar mota kuwa, kowane ɗan taƙi sai gada. Shi ya sa har yau akwai garuruwa a ƙananan hukumomin Southern Ijaw da Ekeremor da Brass da ba a isa gare su sai ta jirgin ruwa. A ƙoramun da ke kusa da teku, ruwa na cika ya janye sau biyu a rana, wanda ya makara sai kwalekwalensa ya kafe a laka. Mai naƙuda da ɗalibi da buhun siminti duk wannan lokaci suke jira, kuma kuɗin man inji na hawa kan farashin komai.

Babbar jarabawa takan zo ne a watan Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana da Arewa. Ruwan da ya wuce ta Yawuri a Kogin Neja da wanda ya wuce ta Yola a Binuwai suna haɗuwa a Lokoja, su gangara Kudu, su rabu zuwa kogunan Nun da Forcados, su tarar da ƙasar da ta riga ta jiƙe sharkaf. Haka aka gani a 2012, aka sake gani a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan. A wannan karon ruwa ya yanke babbar hanyar East-West, Bayelsa ta rabu da maƙwabtanta ta ƙasa, abinci da mai suka yi tashin gwauron zabi, har gawarwaki suka taso daga wata maƙabarta a Yenagoa.

Matsalar ba sabuwa ba ce ga hukuma. Tun a 1958 Kwamitin Willink ya ba da shawarar a ba yankin kulawa ta musamman saboda yanayin ƙasarsa. An kafa hukumar OMPADEC a 1992, NDDC ta gaje ta a 2000, amma har yanzu magudanan ruwa da tashoshin jirage da ruwan famfo ba su wadata ba.

Al'ummar Ijaw da maƙwabtansu sun daɗe da sanin yadda ake zama da ruwa: gidaje a kan dirkoki, yara su iya tuƙa kwalekwale tun suna ƙanana, manomi ya tone rogonsa kafin kogi ya cika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin raya ƙasa da aka tsara wa yankin da lissafin tudu, ba tare da la'akari da wannan sani ba, ruwa ne ke cinye shi tun kafin a gama biyan ɗan kwangila.