Gargaɗi ga 'Yan Fanshon Najeriya Mazauna Khartum da Umdurman: Kada Shiru Ya Sa a Lissafa Ku Cikin Matattu

Wannan kira ne ga iyayenmu maza da mata da suka yi wa gwamnatin Najeriya aiki har ƙarfinsu ya ƙare, suka ajiye, suka dawo Sudan da zama, alhali fanshonsu yana faɗawa wani asusun banki a Kano ko Katsina ko Abuja. Kira ne kuma ga 'ya'ya da jikoki da surukai, tunda su ke riƙe wa tsofaffi waya. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, a ƙofar masallaci, a kasuwa, a wajen suna da zaman makoki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Baba, Hajiya, zamanku a Khartum ko Umdurman bai soke muku ko sisi ba. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare fanshon ma'aikacin tarayya, sashe na 210 ya kare na ma'aikacin jiha, kuma babu ɗayansu da ya ce sai mutum yana kwana a Najeriya zai ci guminsa. Abin da ke tsayar da kuɗi shi ne shiru. Ofishin fansho ba ya ganinku ido da ido. In ya kira tantancewa ba ku amsa ba, zai iya dakatar da biya bisa zaton mai sunan ya rasu, kuma mayar da suna cikin jerin masu karɓa ya fi cire shi wuya nesa ba kusa ba.

Ku dubi yadda abubuwa biyu suka haɗu a wata guda. A watan Afrilun 2023 hukumar PTAD, mai biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta fara aiwatar da shirinta na tabbatar da rai ta intanet, wanda ta sa wa suna I Am Alive. A ranar 15 ga wannan watan ne kuma bindiga ta fara tashi a Khartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidati. Lokacin da 'yan uwanku a Zariya da Sakkwato ke koyon yadda za su tsaya gaban kyamarar waya, ku kuna neman ruwan sha da hanyar fita. Motocin da gwamnatin Najeriya ta ɗauka haya sun kwashi mutane zuwa iyakar Masar, jirage suka ɗauke su daga Aswan da Port Sudan a watan Mayu, amma akasarinsu ɗalibai ne. Dattijon da ya yi aure a nan, ya gina gida a Mayo ko Umbadda, ba ya barin iyali ya hau bas. Wasu sun gudu Wad Madani, ita ma ta faɗi a watan Disamba, aka sake gudu zuwa Gadarif da Kasala da Mai Wurno. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin ƙasa. Mai cikin wannan hali ta ina sanarwar Abuja za ta iske shi?

Tun da sojoji suka sake karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartum a watan Maris na 2025, mutane na komawa gidajensu, kuma kowa hankalinsa na kan rufi da ƙofa da famfo. Ina roƙonku ku sa maganar fansho a gaba tare da su, kada a bar ta sai an nutsu.

Abu na farko, kowa ya san wa ke biyansa, domin ƙofofin daban-daban ne. Wanda ya bar aikin tarayya a tsohon tsari, ko ma'aikacin ma'aikata ne, ko ɗan sanda, ko jami'in kwastan da shige da fice da gidan yari, ko na hukumomin gwamnati, PTAD ce tasa. Tabbatar da ranta ba ya bukatar tafiya: waya mai kyamara, intanet, lambar fansho da lambar asusun banki, sai mutum ya nuna fuskarsa na'ura ta gwada da hoton da ke hannun hukuma. Amma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, bayan wata shida ake sabuntawa. A nan mutane ke tuntuɓe. Wani ya yi sau ɗaya ya ɗauka ya gama har abada. A rubuta ranar da aka yi a jikin bango ko a bayan littafi, a ƙirga wata biyar a sake shiri.

Wanda ya yi ritaya a sabon tsarin adashi da dokar 2004 ta kawo, wadda aka sabunta a 2014, kuɗinsa na hannun kamfanin fansho ne ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. In ya buɗe asusun kafin 1 ga Yulin 2019 kuma bai je an sake ɗaukar bayanansa ba, ya sani duk wata bukata da ya kai za ta iya tsayawa sai an yi. In kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don a riƙa biyansa iya rayuwa, su ma sukan nemi shaidar cewa yana raye. Tsofaffin sojoji suna da tasu hukumar da tata tantancewar.

Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne 'yan fanshon jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ina zaton su suka fi yawa cikinku: malaman Larabci da na firamare, alƙalai, ma'aikatan lafiya. Ba abin mamaki ba ne su zaɓi Sudan, don alaƙar ta daɗe. Malaman Sudan sun koyar a Makarantar Shari'a ta Kano tun shekarun 1930, an tura irin su Malam Abubakar Gumi karatu Bakht ar-Ruda a shekarun 1950, bayansu kuma dubbai sun bi ta Jami'ar Afirka da Jami'ar Musulunci ta Umdurman. Sai dai jihohi sukan kira tantancewa ta ƙafa da ƙafa, a sanar a rediyo, a ba da 'yan kwanaki, a ce kowa ya zo da kansa da takardunsa, da sunan farautar 'yan fanshon bogi. Sanarwar gidan rediyon jiha ba ta isowa Kalakla. Lallai ku sami mutum ɗaya amintacce a gida, wanda ke da kunne a ƙungiyar 'yan fansho ta jiharku, da zai sanar da ku ranar da aka yi shela. Ku kuma rubuta wa hukumar fanshon jihar tun yanzu cewa kuna raye kuna Sudan, ku sa a buga wa kwafin takardar hatimin karɓa a ajiye. Takardar da ta riga tantancewa isa ta fi wadda ta biyo bayan dakatarwa ƙarfi.

Yanzu ga inda ɓarnar ta fi yawa, wato banki da layin waya. Sau da yawa gwamnati ta biya, kuɗin ya shiga, amma mai shi ba ya iya taɓawa, ko kuma wani ya riga shi.

A watan Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa daga 1 ga Maris 2024 a hana motsi a duk asusun da ba a haɗa shi da lambar BVN ko NIN yadda ake bukata ba. Hukumar sadarwa ta NCC ita ma ta sa 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗa layin waya da NIN. Dukkansu sun faɗo ne kuna tsakiyar wuta. Bayan haka, asusun da mai shi ya shekara bai cire ko ya tura komai da kansa ba, banki na ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, sai an je an tashe shi da shaida. Kada ku dogara da cewa ai fansho na shiga duk wata. Motsin da mai asusu ya yi da hannunsa ake dubawa. Ga wanda ba shi da BVN, tun watan Mayun 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar yi wa mazauna ƙasar waje rajista ta intanet ba sai sun je gida ba.

Layin wayarku na Najeriya shi ne makullin ɗakin da kuɗin yake. Ta kansa alat ke zuwa, ta kansa lambar tabbatarwa ke zuwa, da shi ake danna lambobi a tura kuɗi ko babu intanet. Layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Wannan baƙon da ya saya shi zai riƙa ganin saƙon bankinku, ya san ranar da fansho ke shiga da nawa ne. Wayoyi nawa aka ƙwace a shingayen hanya, nawa aka bari a gidajen da aka wawashe? Duk wanda layinsa ya ɓata ko ya mutu, yau ɗin nan ya sa a sanar da banki a toshe kati da hanyar tura kuɗi ta waya, a cire tsohuwar lambar daga asusun. Wanda nasa ke raye ya riƙa sa masa kati yana aika ko da saƙo ɗaya lokaci-lokaci.

Na san abin da wahala ta sa mutane yi, kuma ban ga laifin mai yunwa ba. An bar katin cirar kuɗi da lambar sirri a hannun wani a Kano, shi ya cira ya ba ɗan canji, ɗan canji ya sa abokin hulɗarsa ya turo fam ɗin Sudan ta manhajar Bankak. Hanya ce da ta ciyar da gidaje lokacin da bankunan Khartum ke rufe. Amma ku auna haɗarinta. Naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 cikin 2024, fam ɗin Sudan ya tashi daga ƙasa da 600 kafin yaƙi ya haura 2,000. Tsakanin kuɗi biyu masu zamewa haka, mai shiga tsakani zai iya yanke kashi mai tsoka ya ce canji ne, ba ku da hanyar ganewa. Ku nemi takardar bayanin asusu daga banki a kai a kai, ku gwada abin da ya shiga da abin da ya iso hannunku. In dole sai an wakilta, a wakilta ɗa ko 'ya da rubutacciyar wakilci da shaidu, kuma sauran 'yan uwa su sani. Kada a taɓa danna lambar sirri a wayar mai shagon intanet na Starlink ko ta wani yaro da ya ce zai taimaka.

Sai 'yan damfara. Tun da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, aka kuma amince da ƙarin naira 32,000 ga 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, kowa ya shiga jiran ariyas, kuma irin wannan jira suke so. Za a kira ku ta WhatsApp da Hausa mai daɗi, a faɗi sunanku da ma'aikatar da kuka bari, a ce fayil ɗinku ya fito amma sai an biya kuɗin sa hannu, ko a ce ku karanto lambar da ta shigo wayarku. PTAD ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko kwabo don biyan haƙƙi. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar sirri ɓarawo ne, ku kashe wayar.

Takardu kuwa, wanda nasa suka tsira ya gode wa Allah ya ɗauki hotonsu a daren nan: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ritaya, ta lissafin garatuti, takardar tantancewa, fasfo da iƙama. A tura wa mutum biyu a garuruwa daban. Wanda nasa suka ƙone ya kai rahoto ga 'yan sanda ya karɓi shaida, sannan ya nemi kwafi daga ma'aikatar da ya bari tun waɗanda suka san shi ba su ƙare ba. Kada a yi wasa da fasfo da iƙama. A watan Yulin 2024 hukumomin jihar Khartum sun ba baƙi kwana 15 su fice, kuma Bahaushen Najeriya da takardarsa ta mutu zai iya shan tambayar da Bahaushen Sudan mai lambar ɗan ƙasa ba zai sha ba. Ofisoshin jakadanci sun bar Khartum tun farkon yaƙi, don haka a bincika inda jami'an Najeriya ke aiki kafin a kama hanya. Wanda hijira ta kai Alƙahira ko Jidda ya nemi na can.

Akwai magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, kuma da magada nake. In Baba ya rasu, fanshonsa na wata-wata ba gado ba ne da za a ci gaba da cira da katinsa a ɓoye. Laifi ne a doka, cin haram ne a addini, kuma irinsa ne ke sa hukumomi su matsa wa tsofaffi masu rai da tantancewa. Ku sanar, sannan ku nemi abin da yake naku na halal, kamar ragowar kuɗin asusun sabon tsari da bashin fansho ko garatutin da ba a biya shi ba. Wannan ba ya fitowa sai da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu. Mun san an binne mutane da yawa a tsakar gida da filayen makarantu a Khartum da Umdurman, ba likita ba takarda, har hukuma ta zo tana tono tana mayar da su maƙabarta. Wanda ya binne nasa haka ya nemi rubutacciyar shaidar limamin unguwa da waɗanda suka yi sallar gawa tun suna kusa, ya kai ofishin rajistar jama'a a ba shi takarda, a fassara ta, a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin wajen Sudan da na jakadancin Najeriya kafin a kai gida.

Shugabannin al'ummarmu da limamai, wannan aiki ya fi ƙarfin tsoho shi kaɗai. Ku sa matasa biyu ko uku masu amana a kowace unguwa su zaga su gano 'yan fanshon da ke cikinku, har da zawarawa da marasa lafiya da ba sa fitowa, su zauna da su a yi tabbatar da rai a gabansu. A takardar da za a tara, a rubuta suna, da hukumar da ke biyan mutum, da ranar tantancewarsa ta ƙarshe. Lambar asusu da BVN da lambar sirri kada su shiga wannan takarda ko da wa ya nema.