Abinci mai zafi, bargon ciki

Ɗari ya shigo. Daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen hamada. Tana zuwa da ƙura da sanyi. Mu mutanen Madawa da Buza da Keita mun san ta. Da asuba ruwan randa kamar ya yanke hannu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta tari.

A wannan lokaci ne kuma maza da yawa na Adar suke tafiya cin rani. Wasu su nufi Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Gida ya rage ga mata da yara da tsofaffi. Hatsin rumbu kuwa tilas a lallaɓa shi ya kai damina. To, yaya za a yi mutanen gida su ci su ji ɗumi, ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba? Wannan shi ne karatunmu na yau.

Me ya sa yunwa ta fi yawa da ɗari?

Jikin mutum kamar murhu yake. Abinci shi ne itacensa. Kullum jiki yana riƙe da zafinsa, wajen digiri 37. In gari ya yi sanyi, sai jiki ya ƙara ƙona abinci don kada zafin ya ragu. Shi ya sa kuke jin yunwa da wuri.

Ƙaramin yaro ya fi babba saurin jin sanyi, don jikinsa kaɗan ne. Tsoho ma haka. Yaron da ya tafi lakkol da ciki wayam, rawar ɗari zai yi ta yi, karatu ba zai shiga ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Hura abincinmu ce, ba mai raina ta. Amma hura mai sanyi da sassafe ba ta korar ɗari. A bar ta sai rana ta yi. Da safe a fara da abu mai zafi.

Kunu mai ƙarfi

Wata mata cikin ajinmu ta ce mini: "Malam, ai kullum kunu nake ba ɗana, amma ba ya ƙiba." Na tambaye ta irin kunun. Ashe gero ne zalla da ruwa mai yawa. Irin wanga kunu yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. Ga yadda ake ƙara masa ƙarfi.

Ki sami gwangwani ɗaya ya zama ma'auninki. Ki auna gero gwangwani 3, wake gwangwani 1, gujiya gwangwani 1. Ki tsince su da kyau. Duk ƙwayar gujiyar da ta yi funfuna ko ta yi ɗaci, ki zubar, don tana da guba mai lahanta hanta.

Ki soya kowane dabam cikin tukunya, ba mai, har ya yi ƙamshi. Ki surfe waken ki fitar da ɓawo. Ki murje gujiyar ki sheƙe. Sa'an nan ki haɗa su duka, a daka ko a kai inji. Ki tankaɗe, ki zuba cikin kwano mai murfi. Kada ki yi da yawa. Na sati 2 ya isa, don gari mai gujiya ba ya son daɗewa.

Da safe ki dama garin da ruwan sanyi kaɗan. Ki zuba cikin ruwa mai tafasa, kina motsawa. Ki bar shi bisa wuta kamar minti 10. Ki sa ruwan tsamiya da ɗan sukari. In akwai mai, ki ƙara cokali ɗaya cikin na yaro. Kunun ya yi kauri, kada ya zama tsararo. In kin karkata cokali, ya sauka a hankali.

Gero yana ba da ƙarfi. Wake da gujiya suna gina tsoka. In sun haɗu, kowa yana cika abin da ɗan'uwansa ya rasa. Amma ki tuna: jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu, ana ci gaba da ba shi nono.

Faten wake da kabushi

Allah ya taimake mu, lokacin ɗari shi ne lokacin garka. Bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu. Yau a fadamun Tarka da Magiya akwai albasa da tumatir da kabeji da dankali. Albasar Galmi kuwa har ƙasashen bakin teku ake kai ta. Bai kamata mu sayar da komai, tukunyarmu ta zauna ba ganye ba.

Ga abincin rana mai sauƙi. Tun dare ki jiƙa wake rabin tiya. Da safe ki zubar da ruwan, ki sa sabo, ki ɗora bisa wuta. Waken da ya kwana cikin ruwa yana saurin dahuwa, kuma ba ya kumbura ciki sosai. Ba ki bukatar kanwa mai yawa ke nan. Yawan kanwa yana rage amfanin abinci.

In waken ya fara laushi, ki yanka kabushi ki zuba. Ki sa albasa 2, da tumatir ɗanye ko busasshe, da tonka kaɗan, da gishiri, da mai ludayi ɗaya. In babu kabushi, dankali ya yi. Ki rufe tukunya har su narke. Dab da saukewa ki watsa ganyen zogala ko na yakuwa. Kada ganye ya daɗe bisa wuta.

Kabushi da ganye suna da sinadarin da ake kira bitamin A. Yana kare ido daga dundumi, yana taimakon jiki wajen yaƙi da ciwo. Man da kika sa shi ke taimaka wa jiki ya karɓi wanga sinadari. Ki ɗebi na yara kafin ki ƙara yaji.

Tuwon dare da ɗumamen safe

Da dare, ba abin da ya kai tuwon gero ko na dawa da miya mai zafi. Miyar kuka ko ta busasshen guro ba ta da tsada. Abin da ke ba ta daɗi yana nan gida: daudawar batso, gabu, busasshen tumatir, da ɗan citta da masoro. Ku masu noman albasa, kada ku bar ganyenta ya lalace a garka. Ku daka, ku dunƙula, ku shanya. Gabu ke nan na shekara guda.

In ranar kasuwa ce kuɗi bai kai na nama ba, a sayi ƙashi. Ƙashi da albasa da citta suna yin romo mai kyau. In shi ma babu, a daka ƙuli-ƙuli a zuba cikin miya. Kada a ba yaro tuwo da miya ɗan kaɗan. Amfanin yana cikin miyar. Kuma a zuba wa ƙarami nasa kwano, don in ya sa hannu tare da manya, kafin ya yi loma 3 kwano ya ƙare.

Tuwon da ya rage shi ne ɗumamen safe. A rufe shi da kyau tun dare. Da safe a ɗumama tuwon da miyar har su tafasa sosai. Ɗumi-ɗumi bai isa ba, don shi ke kawo zawo.

A yi tattalin itace

Abinci mai zafi yana son wuta, itace kuwa ya yi wuya. Itatuwan da muke gani ba banza suka tsiro ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, don su tare iska. A 1984 aka soma babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashe. Bai dace mu ƙone wahalar iyayenmu cikin gaggawa ba.

Saboda haka, a kafa murhu inda katanga ta tare iska. A rufe tukunya kullum. A jiƙa wake tun dare. Murhun laka irin na Albarka, ko na ƙarfe Mai Sauƙi, ya fi duwatsu 3 tattalin itace. In an ƙare girki, a zare sauran itacen a kashe shi da ƙasa.

Ga gargaɗi. Kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ba a gani, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Kuma a kula da yara kusa da wuta. Da ɗari ne suka fi ƙonewa.

Abinci ba ya maye magani

Kunu mai zafi yana tausasa maƙogwaro, yana sa mai mura ya ji daɗi. Amma ba ya warkar da ciwon haƙarƙari. In yaro yana tari, ki buɗe rigarsa ki duba ƙirjinsa. In yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi shan nono, kada ki jira gobe. Ki kai shi likita ran nan. Yana ciwo ma, a ci gaba da ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Ƴan'uwa, kun ga ba mu ambaci abin da sai mai kuɗi ba. Gero da wake suna rumbu, albasa da kabushi suna garka. Abin da ya rage shi ne haɗi da lura. Ku gwada kunun nan cikin satin nan, ku zo ku gaya mana yadda yara suka karɓe shi. Allah ya kai mu damina lafiya.

Tambayoyi

1. Gwangwani nawa na gero, da na wake, da na gujiya ake sa wa garin kunu?
2. In kin auna gero gwangwani 6, wake nawa za ki sa?
3. Me ya sa ake jiƙa wake tun dare?
4. Rubuta alamu 3 da za su sa a kai yaro likita nan da nan.