Farfaɗo da Gidan Giya Atomatik na Tsohuwar Marsandi

Marsandi samfurin W123, wadda kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya ƙera daga 1976 zuwa 1986, ta yi suna wajen ƙarko. Sai dai waɗanda suka zo da giya atomatik, shekaru kan cim ma gidan giyarsu tun injin yana da sauran ƙarfi. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: a sa giya sai an jira kafin ta kama, ribas ya riƙa gardama, injin ya yi ƙugi tsakanin giya ta biyu da ta uku, man giya kuma ya rikiɗe daga ja zuwa baƙi-baƙi mai ƙauri.

Wannan gidan giya mai giya huɗu ba kwamfuta a cikinsa, ƙarfin mai ne ke tafiyar da komai. Famfo na tura man cikin siraran hanyoyin gidan bawul, daga nan ya danna faifayen kuloci da maɗauran da ke riƙe giyoyi. In robobin da ke tare man suka bushe, sai ƙarfin ya zurare, faifayen su riƙa sulɓi. Sulɓi na haifar da zafi, zafi ya ƙona mai, ƙonannen mai kuma ya ƙarasa cinye faifayen.

Bakanike na gari ba ya gaggawar sauke gidan giya. Yakan fara auna mai injin na aiki kuma ya ɗau zafi, ya duba tiyon da injin ke zuƙar iska ta cikinsa, domin ɗan tsagu a jikinsa kaɗai kan ɓata canjin giya. Sannan ya kwance farantin ƙasa. Ɗan baƙin gari a ciki ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe na nufin aiki ya kama.

Nan ne haƙuri ke amfani. Ana kwance kaya ɗaya bayan ɗaya, a jera bisa tsarin fitowarsu, a wanke, a busar da iskar kwamfuresa. Ba a goge gidan bawul da tsumma, domin zare guda na iya maƙale bawul. Ƙananan ƙwallaye da sifirin da ke ciki kuwa, kowanne da gurbinsa. Ana canza faifaye, robobi, gaskit da filta gaba ɗaya. Sababbin faifaye sai an jiƙa su cikin man giya kamar rabin awa kafin a sa, a auna tazarar da ke tsakaninsu daidai da littafin kamfani, a kuma gwada kowane kuloci da iska kafin a rufe.

Inda aka fi tafka asara shi ne mantawa da kwanbata, wato tulun da ke haɗa injin da gidan giya, da kuma bututun sanyaya mai da ke ratsa lagireto. Dattin da ya kwanta a cikinsu zai koma cikin sabon aiki ya lalata shi. Dole a wanke bututun, a gyara ko a canza kwanbatar, sannan a zuba man ATF nau'in Dexron.

Mai mota kan so ya sayi gidan giya ɗan Kwatano don ya fi araha. Amma ya tuna, shi ma ya kai shekara 40, robobinsa sa'annin na wanda aka cire ne. In an saye shi, to a buɗe a sabunta shi kafin a ɗora.