Daga Ina Gurasar Bandashe Ta Samo Asali?

Duk mai gurasar da ya ajiye tirensa a bakin tashar Malam Madori, zaren sana'arsa yana komawa ne birnin Kano. Masana tarihi na danganta gurasa da Larabawan Arewacin Afirka, fataken Turabulus da Gadamis, waɗanda suka ratso Sahara suka zauna kusa da Kasuwar Kurmi. Har yau akwai unguwa sukutum mai suna Cediyar 'Yan Gurasa, inda mata ke kwaɓa fulawa da yis a cikin gida, su manna ƙullin a jikin tanderu mai zafi, maza kuma su ɗauka su shiga gari.

Bandashe kuwa dabarar Bahaushe ce. A yayyafa wa gurasa ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Mai hali ya ƙara da balangu. Ƙuli-ƙulin ne ran abin, kuma nan Malam Madori ke da bakin magana, domin gyaɗa ce ta raya garin bayan layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa shi wajajen 1930.

Ga alkama ana nomawa da rani a fadamar Haɗeja, amma yawancin fulawar gurasa daga alkamar ƙasashen waje take. A watan Fabrairun 2024 ma masu gurasar Kano sun fito zanga-zanga kan tsadar fulawa.